Shuɗaɗɗen Ƙaddarau a Nahawun Sifaniyanci: Ƙirarsa da Wuraren Aikinsa

1.0 Gabatarwa

Sifaniyanci yana ɗaya daga cikin harsunan da suka tsiro daga Latinanci, kamar Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal. Mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a matsayin harshen uwa, mafi yawansu a nahiyar Amurka, tun daga Meziko har zuwa Ajantina. A Afirka kuwa shi ne babban harshen hukuma a Gini Ikwatoriya, ƙasar da ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968.

Manufar wannan muƙala ita ce ta yi bayani a kan wata siga ta aikatau a wannan harshe, wadda masu shi suke kira pretérito imperfecto de subjuntivo. Sunan yana nuna cewa siga ce ta shuɗaɗɗen lokaci, amma sau da yawa za a tarar ana amfani da ita a kan abin da ya shafi yau ko gobe. A nan ne mai koyo yake ruɗewa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, siga ɗaya ce take ɗauke da ayyuka biyu, waɗanda Hausa ta raba su tsakanin kayan aiki biyu dabam. Duk wanda ya riƙe wannan rabo, ya sami bakin zaren.

2.0 Ma'anar Ƙaddarau

Aikatau a Sifaniyanci yana sauya ƙeyarsa don ya nuna abu uku: mai yin aiki, da lokacin aikin, da kuma matsayin mai magana game da aikin. Wannan na uku shi ne abin da ya dame mu. Idan mai magana yana ba da labarin abu a matsayin gaskiyar da ya tsaya a kanta, sai ya ɗauki sigar da ake kira indicativo, wadda za mu kira sigar labari. Idan kuwa bai ba da labari ba, watau yana so ne, ko yana umurni, ko shakka, ko zato, ko yana nuna yadda abu ya taɓa zuciyarsa, sai ya ɗauki subjuntivo. Wannan za mu kira shi ƙaddarau, daga kalmar nan da mukan ce "mu ƙaddara abu kaza ya faru".

Hausa tana da abin da ya yi kama da shi, watau jerin in zo, ka zo, ki zo, ya zo, ta zo, mu zo, ku zo, su zo, wanda ake kira umartau a nahawunmu. Sai dai akwai bambanci babba. Umartau na Hausa ba shi da lokaci na kansa, yana aron lokaci ne daga jimlar da ya shiga. Ƙaddarau na Sifaniyanci kuwa yana da sigar yanzu, yana da shuɗaɗɗiya. Har ma yana da ta gaba, irin su hablare, amma wannan ta mutu a bakin jama'a, sai a harshen shari'a da tsofaffin karin magana ake cin karo da ita.

3.0 Yadda Ake Ƙera Shi

Aikatan Sifaniyanci sun kasu gida uku bisa ƙarshensu: masu -ar kamar hablar 'yin magana', da masu -er kamar comer 'ci', da masu -ir kamar vivir 'rayuwa'. Ƙa'idar ƙera shuɗaɗɗen ƙaddarau guda ɗaya ce ga dukansu. Za a ɗauki sigar mutum na uku jam'i ta shuɗaɗɗen lokaci na labari, misali hablaron 'sun yi magana', a cire gaɓar ƙarshe -ron, sa'an nan a liƙa ɗafa-ƙeya. Ɗafa-ƙeyar nan jeri biyu ce, ta -ra da ta -se, kamar haka:

yo 'ni': hablara, hablase
tú 'kai, ke': hablaras, hablases
él, ella 'shi, ita': hablara, hablase
nosotros 'mu': habláramos, hablásemos
vosotros 'ku': hablarais, hablaseis
ellos 'su': hablaran, hablasen

Haka comieron 'sun ci' yake ba da comiera, vivieron 'sun rayu' ya ba da viviera. Abin sha'awa shi ne, wannan ƙa'ida ba ta da togaciya. Hatta aikatan nan masu taurin kai, waɗanda suke karya ƙa'ida a wasu wurare, a nan sun bi sahu, muddin an san sigarsu ta mutum na uku jam'i:

tener 'mallaka': tuvieron, tuviera
venir 'zuwa': vinieron, viniera
decir 'faɗa': dijeron, dijera
querer 'so': quisieron, quisiera
haber, aikatau mataimaki: hubieron, hubiera
ser 'kasancewa' da ir 'tafiya': fueron, fuera

Akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, sigar 'ni' da ta 'shi' iri ɗaya ce, don haka jimla ce take fayyace wanda ake nufi. Na biyu, sigar vosotros a Sifaniya take da ƙarfi. A ƙasashen Amurka ustedes ake cewa, tare da sigar hablaran. Na uku shi ne wurin da nauyin murya yake sauka. A hablara nauyin yana kan gaɓar tsakiya, amma a hablará, mai alama a kan wasalin ƙarshe, yana kan gaɓar ƙarshe, kuma ma'anarta 'zai yi magana'. Bahaushen da ya san yadda karin sauti yake raba kalmomi masu rubutu ɗaya ba zai raina wannan 'yar alama ba.

4.0 Aiki na Farko: Bin Lokacin Babbar Ganga

Aikin farko na wannan siga shi ne wanda ya dace da sunanta. Idan aikataun babbar ganga yana neman ƙaddarau a ganga dogarau, kuma shi kansa yana cikin shuɗaɗɗen lokaci, to ƙaddarau ma sai ya shuɗe. Dubi waɗannan misalai:

(1) Quiero que vengas. 'Ina so ka zo.'
(2) Quería que vinieras. 'Na so ka zo.'

A Hausa, "ka zo" bai motsa ba a jimlolin biyu. A Sifaniyanci vengas ya koma vinieras, saboda so ɗin ya koma baya. Wannan shi ne abin da ɗalibi Bahaushe zai fi mantawa, domin harshensa bai saba masa da shi ba.

Wani wurin kuma harsunan biyu sun yi daidai ƙwarai. Aikatau decir yana iya kawo labari, yana kuma iya kawo umurni, kuma sigar da ta biyo baya ce take rarrabewa:

(3) Me dijo que venía. 'Ya ce mini yana zuwa.'
(4) Me dijo que viniera. 'Ya ce mini in zo.'

Bambancin da ke tsakanin "yana zuwa" da "in zo" shi ne ainihin bambancin venía da viniera. Tafintan da ya kasa jin wannan zai mai da umurni labari, ya bar wanda aka kira yana zaune yana jiran wanda ya kira shi.

Haka nan akwai mahaɗai da dole ƙaddarau ya biyo bayansu, kamar para que 'don' da antes de que 'kafin'. A nan ma Hausa umartau take sawa:

(5) Le di dinero para que comprara pan. 'Na ba shi kuɗi don ya sayi burodi.'
(6) Salió antes de que llegara su padre. 'Ya fita kafin mahaifinsa ya iso.'

Dalilin a bayyane yake. A lokacin da aka ba da kuɗi ba a sayi burodin ba tukuna, kuma a lokacin fita mahaifin bai iso ba. Mai magana bai ce an saya ba, bai ce an iso ba.

Daga nan sai hanyoyin su rabu, domin Sifaniyanci ya kai ƙaddarau wuraren da umartau ba ya zuwa. Ɗaya shi ne bayan kore zato:

(7) Creía que estaba en casa. 'Na zaci yana gida.'
(8) No creía que estuviera en casa. 'Ban zaci yana gida ba.'

Na biyu shi ne a ganga mai siffanta abin da ba a san ko akwai shi ba:

(9) Buscaba a un hombre que hablaba árabe. 'Ina neman wani mutum mai jin Larabci', watau na san shi.
(10) Buscaba un hombre que hablara árabe. 'Ina neman ko wane ne mai jin Larabci', ko akwai shi ko babu.

Na uku ya fi ba da mamaki, watau bayan aikatan da suke nuna farin ciki ko baƙin ciki:

(11) Me alegré de que vinieras. 'Na yi murna da ka zo.'

A nan zuwan ya tabbata, amma duk da haka ƙaddarau aka sa. Dalili kuwa, mai magana ba labarin zuwan yake bayarwa ba, don wanda ya zo ya san ya zo. Labarin murnarsa yake bayarwa. Wannan misali yana nuna cewa bai isa a ce ƙaddarau siga ce ta abin da bai faru ba. Abin da ya fi daidai shi ne a ce siga ce ta abin da mai magana bai gabatar a matsayin labari ba.

Ya kamata a ƙara da cewa wannan ƙa'ida ta bin lokaci ta yi sassauci a wasu ƙasashen Kudancin Amurka. A Peru da Bolibiya da Ekwado da Ajantina akan ji quería que vengas, inda aka bar ƙaddarau a sigar yanzu. Waɗannan masu magana sun bi hanyar da Hausa take bi, amma a rubutun makaranta vinieras aka fi yarda da shi.

5.0 Aiki na Biyu: Nisanta Magana Daga Gaskiya

A aiki na biyu sunan 'shuɗaɗɗe' ba ya taimakawa. A nan siga ba ta mai da aiki baya a lokaci, tana nisanta shi ne daga abin da yake akwai. Kayan aikin Hausa a wannan fage shi ne kalmar "da" mai dogon wasali, ta "da na sani".

5.1 Sharaɗi

Hausa tana da ƙofa biyu ta sharaɗi: "in" ko "idan" ga abin da ake sa ran zai yiwu, da "da ... da" ga abin da bai kasance ba. Wanda ya karanta nahawun Larabci zai tuna da irin wannan rabo tsakanin harafin in da harafin law. Sifaniyanci kalma ɗaya yake da ita, si, don haka aikatau ne yake ɗaukar nauyin rarrabewa:

(12) Si tengo dinero, compraré un caballo. 'In na sami kuɗi zan sayi doki.'
(13) Si tuviera dinero, compraría un caballo. 'Da ina da kuɗi, da na sayi doki.'
(14) Si hubiera tenido dinero, habría comprado un caballo. 'Da na sami kuɗi a wancan lokaci, da na sayi doki.'

A (12) sigar labari ce ta biyo si. A (13) tuviera yana magana a kan yanzu: ba ni da kuɗi a yau ɗin nan. Sai a (14) ne aka shiga abin da ya wuce, kuma don a nuna haka sai da aka kawo mataimaki hubiera. Siga ta (13) tana iya kai wa har gobe:

(15) Si mañana lloviera, aplazaríamos el viaje. 'Da za a yi ruwa gobe, da mun ɗage tafiyar.'

Ga kalmar mañana 'gobe' zaune kusa da sigar da ake kira shuɗaɗɗiya, kuma babu saɓani, domin abin da lloviera yake faɗa shi ne mai magana ba ya sa ran ruwan.

A lura cewa jawabin sharaɗi yana ɗaukar wata siga dabam mai ƙarewa da -ría, kamar compraría, kuma a daidaitaccen harshe ba a sa ta bayan si. Duk da haka, a arewacin Sifaniya, wajen ƙasar Basko da Nabara da La Rioja, da wasu sassan Ajantina, akan ji si tendría a maimakon si tuviera. Wannan karin harshe ne na waɗancan wurare. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su kuma sai su kiyaye wani tarkon: Faransanci yana sa sigar labari bayan si a irin jimla ta (13), kuma shuɗaɗɗen ƙaddarau nasa ya kusa ɓacewa daga maganar baka, alhali na Sifaniyanci yana bakin yara ƙanana.

5.2 Kamantawa

Bayan como si 'kamar, sai ka ce' shuɗaɗɗen ƙaddarau ne yake zuwa, ko da ana magana a kan yanzu:

(16) Habla como si fuera rey. 'Yana magana sai ka ce sarki.'

Duk wanda ya ji wannan ya san ba sarki ba ne.

5.3 Fata da Buri

Kalmar fata a Sifaniyanci ita ce ojalá. Asalinta Larabci ne, daga law shā'a Allāh, 'da Allah zai so', kuma ta shiga harshen ne a zamanin da Musulmi suka yi mulki a Andalus, daga 711 zuwa 1492. Ke nan 'yar'uwar "in sha Allahu" ce da muke faɗa kullum. Ƙarfin fatan ya danganta da sigar da ta biyo ta:

(17) Ojalá llueva. 'Allah ya sa a yi ruwa.'
(18) Ojalá lloviera. 'Ina ma a ce za a yi ruwa.'
(19) Ojalá hubiera llovido. 'Ina ma a ce an yi ruwa.'

Manomin da ya ga hadari ya haɗo (17) zai ce. Wanda ya ɗaga kai ya ga sama fes (18) zai ce. Wanda shukarsa ta riga ta ƙone, sai (19).

5.4 Ladabi

Wanda yake neman abu a wurin wani yakan sassauta roƙonsa ta hanyar gabatar da shi kamar abin da ke nesa. Bahaushe yakan ce "da za ka taimaka mini da ruwa", bai ce "ba ni ruwa" ba. Haka quiero un vaso de agua 'ina son kofin ruwa' yake da kaifi a kunne, amma quisiera un vaso de agua magana ce ta mai ladabi. Aikatau kaɗan ne suke yin wannan aiki, musamman querer 'so', da deber 'kamata', da poder 'iya'.

6.0 Dalilin Samun Jeri Biyu

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa siga ɗaya take da ƙeya biyu. Amsar tana cikin tarihi. A Latinanci siga biyu ce dabam. Jerin -se ya fito daga irin su amavissem, wanda ƙaddarau ne tun asali. Jerin -ra kuwa ya fito daga irin su amaveram, wanda sigar labari ce mai ma'anar 'na riga na so'. Da wannan ma'ana ake samun sa a tsofaffin rubuce-rubucen Kastiliya. Yawan amfani da shi a jimlolin sharaɗi ne ya jawo shi sannu a hankali zuwa gidan ƙaddarau, har baƙo ya fi mai gida ƙarfi. A yau -ra ne ya mamaye maganar baka, musamman a nahiyar Amurka, -se kuma ya fi yawa a rubutu da kuma a Sifaniya. Harshen Fotugal bai yi wannan haɗe ba: falara yana nan da ma'anar labari, falasse kuma ƙaddarau ne.

Wannan tarihi ya bar sawu biyu. Na farko, ko da yake a yawancin wurare ana iya musanya jerin biyu, a maganar ladabi quisiera ake cewa, ba a cewa quisiese. Na biyu, marubuta da 'yan jarida sukan farfaɗo da tsohuwar ma'anar -ra, su rubuta el discurso que pronunciara el ministro da nufin 'jawabin da minista ya yi'. A nan babu zato ko buri, labari ne tsantsa. Andrés Bello, masanin nahawu ɗan Benezuwela wanda ya wallafa nahawunsa a ƙasar Cile a 1847, bai yarda da wannan salo ba, yana ganin yana jawo ruɗani. Duk da haka salon bai mutu ba, kuma babban littafin nahawu da Majalisar Harshe ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1713, ta fitar a 2009 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe ya yi bayaninsa a cikin abubuwan da ake samu a harshen. Don haka mai karanta jaridar Sifaniyanci kada ya ɗauka duk -ra da ya gani ƙaddarau ne.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙera shuɗaɗɗen ƙaddarau abu ne mai sauƙi, ƙa'ida ɗaya ba togaciya. Wuyar tana wajen gane aikinsa. Shawarar da za a ba Bahaushe mai koyo ita ce, duk inda ya ci karo da wannan siga ya yi wa kansa tambaya biyu. Shin akwai aikatau ko mahaɗi a gabanta da ya jawo ta, kuma maganar ta shafi abin da ya wuce? In haka ne, galibi umartau zai fassara ta: in zo, ya sayi, ya iso. Ko kuwa tana bayan si, ko como si, ko ojalá? In haka ne, "da" ko "ina ma" ko "sai ka ce" zai nema, kuma kada ya yarda sunan siga ya ja shi zuwa jiya.

Akwai kuma abin da wannan nazari yake tunasar da mu game da harshenmu. A darussan nahawun Hausa mun saba jera umartau a cikin lokuta, tare da shuɗaɗɗe da mai ci da na gaba, alhali misalai na (1) da (2) sun nuna ba shi da lokaci na kansa. Ita kuma "da" ta sharaɗi mukan bar ta a cikin ƙananan kalmomi, ko da yake aikin da take yi shi ne wanda wani harshe ya keɓe wa jerin sigogi guda biyu. Ya dace ɗalibai 'yan'uwa su sake duban waɗannan biyu, su ga ko akwai bukatar a ware musu babi na kansu, dabam da babin lokaci.